Kalmar "Boom": Ƙara Ce Ko Bunƙasa?

Jawabin da aka gabatar a madadin ɗaliban jami'a 'yan ƙasar Ɗambatta, a taron da su kan yi da yayyensu ma'aikata lokacin dogon hutu.



Muna godiya ƙwarai da aka ba mu dama mu tsaya gaban manya mu yi magana. Aikin da aka ɗora mana shi ne mu ɗauki kalma ɗaya tak ta Ingilishi mu feɗe ta har wutsiya, mu ga ma'anarta da yadda a ke amfani da ita. Kalmar kuwa ita ce "boom", wadda bakin Bahaushe ke furtawa bum. Watakila wani ya ce, ina ruwan mutanen Ɗambatta da kalma mai harafi huɗu, alhali ga tsadar taki, ga samari zaune ba aikin yi? Amsarmu ita ce, sau biyu cikin shekara ɗari abin da wannan kalma ke nufi ya ratsa gonakin ƙasar nan, ya sāke abin da a ke shukawa, ya sāke abin da a ke ci, har ya sāke inda samari ke kwana. Bugu da ƙari, yawancin waɗanda ke zaune a wannan zaure, in ba su riga sun zama ba, to gobe su ne akawuna da malamai da masu fassarar labarai da masu tsara kasafin kuɗi. Wanda ya fassara kalma ba daidai ba, ya ba jama'a labari ba daidai ba, su kuwa jama'a a kan labarin da suka ji su ke yanke shawarar abin da za su sayar da abin da za su ajiye.

Asalin Kalmar

Masana tarihin kalmomin Ingilishi sun nuna cewa da fari wannan kalma ba abin da ya gama ta da kuɗi ko ciniki. Kwaikwayon ƙara ce kawai, irin ƙara mai kauri da ke girgiza ƙirji, kamar ta igwa, ko ta tsawa daga nesa, ko ta babban tambari. A nahawun Hausa irin wannan ita mu ke kira amsa-kama, kamar yadda mu kan ce buhu ya faɗi tim, ko ƙyaure ya rufe garam, ko bindiga ta tashi bum. Ashe ke nan ko a bakinmu ba baƙuwa ba ce.

Sai a shekarun 1870, a ƙasar Amurka, 'yan jarida da 'yan kasuwa suka are ta suka yafa wa harkar ciniki. Suka riƙa faɗinta idan kasuwa ta buɗe farat ɗaya, kuɗi suka yawaita, kowa ya shiga rububi. To, ita kalma in ta yi ƙaura ba ta barin halinta a tsohon gida. Hali huɗu na ƙara sun biyo ta zuwa kasuwa. Na farko, ƙara ba ta sallama, sai dai a ji ta. Na biyu, kowa ya kan ji ta, har ya waiwaya, shi ya sa ta ke tara jama'a. Na uku, mai jin ƙarar igwa sau da yawa ba shi ne ya harba ta ba, daga wani wuri ta zo masa. Na huɗu, kuma shi ne ya fi muhimmanci, kome ƙarfin ƙara ba ta daɗewa, shiru ne ke biyo bayanta. Saboda haka ne Turawa su kan ambace ta tare da 'yar tagwaicinta "bust", watau fashewa ko karyewa, kamar yadda mu ba mu ambaton Hassan mu mance da Husaini.

Yadda A Ke Amfani Da Ita

Su kan yi amfani da ita a matsayin suna, su kan kuma yi a matsayin aikatau, amma inda ta fi yawa shi ne a jingina ta da sunan abin da ya yawaita. Misali, garin da ya cika da mutane dare ɗaya saboda an sami ma'adini kusa da shi, "boom town" su ke ce masa. Da aka sami zinariya a Kalifoniya cikin 1848, garin San Faransisko da bai fi mutum 1,000 ba, kafin ƙarshen 1850 ya kai wajen 25,000. Haka nan yawan haihuwar da aka yi a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1946 zuwa 1964, inda aka haifi yara wajen miliyan 76, shi ne "baby boom". Ku lura da cewa ko wannan ma yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Wanda mu muka fi sani kuwa shi ne "oil boom", watau na man fetur.

Akwai wurare biyu da ɗalibai su kan yi tuntuɓe. Na ɗaya, a ɗauka kowace ƙaruwa ita ce bum. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, ta 2006 ta ba ta miliyan 140, a cikinsu ƙaramar hukumar Ɗambatta tana da sama da 200,000. Wannan ƙaruwa babba ce, amma kullum a ke yinta, suna bayan suna, ba ta da ranar da ta fashe. Irin wannan "growth" ce a Ingilishi, watau girma.

Na biyu, a gama ta da tsadar kaya. Ba kasafai Bature ke kiran tsadar abinci bum ba, yana da wata kalma dabam, "inflation", wadda mu ke cewa hauhawar farashi. Dalili kuwa, bum kalma ce ta bakin mai sayarwa, tana ɗauke da murnarsa. Ku je kasuwar Ɗambatta ranar Lahadin da Babbar Salla ta matso, ku tsaya a kara. Mai kiwon da ya kawo raguna biyar yana cikin bum. Malamin makarantar firamare da ya zo da albashinsa yana neman na layya, shi abin da ya gani tashin gwauron zabo ne. Farashi ɗaya, rana ɗaya, suna biyu. Don haka duk inda kuka ji an ce ana bum, ku fara tambaya, a bakin wa?

Na Farko: Gyaɗa

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912. Turawan mulki auduga su ke so ta bi wannan hanya zuwa masaƙun Ingila. Amma a daidai lokacin masana'antun Turai sun gano dabarar daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da shi, sai kuɗin gyaɗa ya yi sama. Fataken Kano, musamman waɗanda suka goge a fataucin goro na Gwanja, suka hango abin tun da wuri, suka bazu ƙauyuka suna ba da kuɗi da tufafi da gishiri bashi, a biya su da gyaɗa in kaka ta yi. Manomi kuma ya yi nasa lissafi. Gyaɗa tana son jigawa irin tamu ta arewacin Kano, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabbobi ce, ga haraji da a ke nema da tsabar kuɗi, in kuwa shekara ta ƙi, ana iya cin gyaɗa, ba a cin auduga. Cikin 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta kai wajen tan 19,000, alhali a shekarar da ta gabata ba ta kai 3,000 ba. Har tashar jirgi ta rasa inda za ta sa buhuna. In ana neman misalin bum, ga shi nan cikakke.

Ku duba yadda halayen nan huɗu suka bayyana. Ya zo farat ɗaya. Ya tara jama'a, har Kwara da Turawan kamfani suka cika Kano. Igwar kuwa a Turai aka harba ta, domin can a ke yanke farashi. Shirun fa? Bai jima ba aka ɗanɗana shi. Daminar 1913 ta ƙi, aka shiga babbar yunwar 1914, wadda a wasu sassan ƙasar Hausa a ke kira Kakalaba, aka ga cewa kuɗi a aljihu ba ya maye gurbin hatsi a rumbu. A farkon shekarun 1930 kuma, da kasuwannin duniya suka karye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, mai karɓar haraji kuwa bai fasa zuwa ba.

Duk da haka gyaɗa ta farfaɗo ta yi dogon zamani. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, da ita ya zama attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Dalar gyaɗa, wadda guda ɗaya kan ci buhu wajen 15,000, ta zama tambarin Kano. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa a duniya, har akwai kakar da aka saya wajen tan miliyan ɗaya. Amma tun daga 1949 hukumar ciniki ce ke yanke wa manomi farashi, ƙasa da na kasuwar duniya, ta riƙe rarar. Masanin tattalin arziki Gerald Helleiner ya lissafta cewa daga 1947 zuwa 1962, abin da aka riƙe wa manomin gyaɗa, haɗe da harajin fitarwa, ya kai wajen rubu'in abin da ya kamata ya shiga hannunsa. An yi ayyukan raya Jihar Arewa da wannan kuɗi, ba mu musu. Sai dai ya kamata a san gumin wa aka yi su da shi.

Ƙarshen abin ya zo a jere. Farin 1972 da 1973 ya ƙone amfanin gona. Cikin 1975 cutar kuturun gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta share gonaki a Arewa baki ɗaya. Kafin shekarun 1970 su ƙare, dala ta ɓace daga Kano, fitar da gyaɗa ya tsaya. Me ya hana a tashe ta kamar yadda aka tashe ta bayan 1914 da bayan 1930? Wata ƙara ce da ta fi ta kauri ta riga ta ɗauke hankalin hukuma.

Na Biyu: Man Fetur

An sami mai a Oloibiri cikin 1956, aka fara fitar da shi cikin 1958, Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC cikin 1971. Amma ranar da igwar ta tashi ita ce cikin Oktoba 1973, sa'ad da yaƙi ya ɓarke tsakanin Masar da Siriya a gefe guda da Isra'ila a ɗaya gefen, ƙasashen Larabawa suka rage mai suka hana wasu ƙasashe. Ganga da ke wajen dala 3, zuwa Janairu 1974 ta kusa dala 12. Ba wata sabuwar dabara muka ƙirƙiro ba, ba kuma ƙarin gumi muka yi ba. Mun kwana da kaya, mun tashi kuɗinsa ya ninka huɗu. Daga wannan shekara mai ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin da ƙasar ke samu daga waje.

Yadda kuɗin ya iso ƙasar nan kowa ya ji labarinsa wurin iyayensa. Hukumar Jerome Udoji ta miƙa rahotonta cikin 1974, a farkon 1975 aka ƙara albashin ma'aikata, na ƙasa-ƙasa ya ninka har ya wuce, aka kuma biya su bashin watanni tun daga Afrilu 1974 a dunƙule. Har sunan mutumin ya zama sunan kuɗin, a ce wane ya karɓi Udoji. Babura da rediyo da agoguna suka ƙare a kantuna, aka yi aure, aka ƙara aure. Amma kaya ba su ƙaru yadda kuɗi suka ƙaru ba, sai hauhawar farashi ta 1975 ta kai wajen kashi 34 cikin 100. Manomin Ɗambatta ba wanda ya ba shi Udoji, amma da shi aka sayi gishiri da kananzir da atamfa a sabon farashi. A wannan shekara ce kuma aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar Ikko ba ta iya sauke ko kusa da haka, jiragen ruwa sama da 400 suka yi layi a teku wata da watanni, ana biyansu kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu.

Akwai wata ɓarna da ba ta yi ƙara ba, ita ce ta fi shafar gona. Da dala ta yawaita a hannun gwamnati, naira ta yi ƙarfi, har cikin 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu. Wannan abin alfahari ne ga mai tafiya Ingila sayayya. Ga manomi kuwa masifa ce, domin shinkafa da alkama da man girki na waje sun fi nasa araha a kasuwar garinsu, kayansa kuma sun yi wa mai saye na waje tsada. Sa'an nan aikin gini a birni ya fi ƙwadagon gona tsoka, sai cin rani ya zama cin shekara, matasa suka tafi ba su dawo shuka ba. Masana suna kiran wannan ciwon Holan, sunan da mujallar The Economist ta raɗa cikin 1977, saboda abin da ya sami masana'antun ƙasar Holan bayan ta sami iskar gas cikin 1959. Shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo cikin 1976, da na juyin noma na Alhaji Shehu Shagari cikin 1980, duk ƙoƙari ne na magance ciwon da kuɗin mai ya haifar da kuɗin mai.

Adalci ya sa mu faɗi alherin da aka gani. Cikin 1975 aka kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a bakwai, cikinsu har da Sakkwato da Maiduguri da Kwalejin Bayero ta Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a cikin 1977. Cikin 1976 aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. A Jihar Kano, shirin madatsun ruwa da Gwamna Audu Bako ya ɗauko ya ba mu Tiga, ya kuma ba mu madatsar Tomas a nan kusa da mu, inda har yau a ke noman rani da kamun kifi. Da yawa daga cikinmu a azuzuwan da aka gina a wannan zamani muka yi karatu.

Sa'an nan shiru ya zo. Bayan juyin mulkin Iran na 1979 ganga ta haura dala 35, aka ɗauka haka za a dawwama, aka ci bashi a kan kuɗin da ba a gani ba. Daga 1981 mai ya yi kwantai, cikin Afrilu 1982 aka kafa dokar tsuke bakin aljihu, cikin 1986 ganga ta kusa komawa dala 10, gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin ciniki. Sai aka sāke harafi ɗaya, "boom" ta koma "doom", watau halaka. Ita kanta Oloibiri tun 1978 aka daina haƙo mai a cikinta. Kada kuma a ce ba a sake samun dama ba. Asusun rarar mai da aka buɗe cikin 2004 ya kai wajen dala biliyan 20 cikin 2008, aka rarrabe shi. Da ganga ta faɗo daga sama da dala 100 cikin 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, sai aka tarar rumbu wayam. Ƙasar Norwe kuwa ta kafa nata asusun cikin 1990, ta sa wa kanta dokar cin 'ya'yan itacen kawai ba tare da sare shi ba, yanzu yana cikin manyan asusun ajiya na duniya.

To, Mece Ce Hausarta?

Mun saba ji a rediyo, mu kuma gani a jarida, ana fassara ta da bunƙasa, a ce zamanin bunƙasar man fetur. A nan mu ke da ja. Ku tambayi kowane manomi, ya san bunƙasa tun kafin 'yan boko su are ta. Ita ce yadda tsiro ke ɗago ƙasa daga ciki, bayan iri ya sha ruwa ya yi saiwa. Ƙarfinta daga ƙasa ya ke, a hankali ta ke zuwa, ba ta kuma da ƙara. Wannan kishiyar bum ce ta kowace fuska. Wanda ya ce wa talaka ana bunƙasa, alhali bum a ke yi, ya ɓoye masa cewa abin daga waje ya zo, ya kuma ɓoye masa cewa zai wuce.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba, sai dai ta rarraba abin da Ingilishi ya dunƙule. In farashi a ke nufi, tashin gwauron zabo ya wadatar, domin zabo in ya tashi firgigit ba ya nisa sai ya sauka, ko da ya ke namu farashin ya kan mance da saukar. In yawan kaya ne ya fi ƙarfin wurin ajiya, kamar simintin 1975, ambaliya ce. In samu ne ba tare da wahala ba, kamar Udoji, garaɓasa ce. In rububi ne kowa na yi don ya ga ana yi, yayi ne, kuma kowa ya san yayi wucewa ya ke. In kuwa farashi ya kumbura ba tare da wani abu a ciki ba, kamar yadda filaye kan yi a bakin birni, kumfa ce.

Ga babban bum irin na ƙasa baki ɗaya, mu shawararmu ita ce a ce kaka: kakar gyaɗa, kakar mai. Dalilinmu shi ne, babu Bahaushen da zai ji an ce kaka bai tuna da bazara ba. Kalmar da kanta tana tambayar mai jinta, ina rumbunka? Mun san akwai inda ta gaza. Kakar gona sakamakon noma ce, kuma in Allah ya kai rai tana dawowa baɗi, ita kuwa kakar mai ba mu nome ta ba, ba ta kuma yi wa kowa alkawarin dawowa ba. Amma gazawar da ke sa mutum tanadi ta fi dacewar da ke sa shi barci. Muna roƙon malamanmu na Hausa da ma'aikatan gidajen rediyo su auna wannan shawara, in sun sami wadda ta fi ta, mu masu karɓa ne.

Tambayoyi Uku

'Yan'uwa, kaka ba ta ƙare zuwa ba. An yi ta alkama bayan hana shigo da ita cikin 1987. An yi ta wayar hannu daga 2001, sa'ad da layukan ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, zuwa 2020 da suka haura miliyan 200, kuma ɗan garin nan, Farfesa Umar Garba Ɗambatta, shi ya shugabanci hukumar sadarwa daga 2015 zuwa 2023. An yi ta shinkafa bayan rufe iyakoki cikin 2019. Riɗi da zoɓo ma sun ja motoci zuwa Dawanau. Gobe wata za ta zo, kuma a teburin waɗansunku takardarta za ta sauka. Muna roƙo ku yi mata tambaya uku.

Ta farko, daga ina ta zo? In yaƙin wasu ne, ko dokar da wata gwamnati ta kafa da alƙalami, to sulhu ɗaya ko alƙalami ɗaya ya isa ya kashe ta.

Ta biyu, hannun wa ta shiga? A kakar gyaɗa manomi ya riƙe kashi uku cikin huɗu, kuɗin kuma ta hannunsa ya fara bi kafin ya kai ga hukuma. A kakar mai kuɗin ta hannun hukuma ya fara bi, manomi sai abin da ya ɗigo. Wannan bambanci shi ya sa hukumar da ke rayuwa da gyaɗa dole ta damu da damina, wadda ke rayuwa da mai kuwa tana iya mancewa da ita.

Ta uku, me za ta bari in ta wuce? Madatsar Tomas tana nan, Jami'ar Bayero tana nan. Baburan Udoji fa, ina su ke?

Daga ƙarshe, in kuna son ganin bunƙasa ta gaskiya, ba sai kun je Norwe ba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana nazarin gonakin da ke kewaye da Kano, inda mutane suka yi yawa har ba a barin gona ta huta. Abin da ya ba masana mamaki shi ne ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin kuwa kun san shi: takin da a ke kaiwa da jaki kowace shekara, da wake tsakanin gero, da harawa ga tumaki, da kashin tumaki ya koma gona, da gawo da ɗorawa da a ke bari a tsaye. Ba a taɓa buga wannan a kanun labarai ba, domin ba ya ƙara. Amma shi ya ciyar da ƙasar nan kafin gyaɗa, shi ya ciyar da ita bayan dala ta rushe, shi ne kuma mutane suka koma wa da naira ta karye. Ga kwalejin aikin gona ta Audu Bako a garin nan, bai kamata ɗalibanta su rasa abokan shawara a cikinmu ba.

Saboda haka idan aka ba ɗayanku takarda ya fassara, ko ya tsara kasafi, ya ga wannan kalma a ciki, to ya kira ta da sunan da zai sa mai ji ya gyara rumbunsa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, mu kuwa sau biyu muka gani a gidanmu.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hikimar ajiya.